Arlene Kivela, Wadda Ta Hana Kuɗin Fanke Zurarewa

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa makaranta, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Takan tsayar da tsohuwar motarta a gindin sandar tuta, ta karkaɗe takalmanta a bakin ƙofa, ta shiga ofishin ba ɗalibai shawara ta kunna fitila. Sai ta ɗora gahawa, ta shayar da shukoki biyun da ke kan taga. Kafin motar ɗaukar yara ta farko ta iso, ta riga ta buɗe wasiƙu ta kasa su uku: na amsawa yau, waɗanda za su iya kwana, da waɗanda ba mai amsa su har abada. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana haka a sakandaren garinmu Carver Bay, nan bakin tafki a arewacin Michigan. Ajin da nake koyar da lissafi yana kallon ofishinta, don haka ashirin da shida daga cikin shekarun a kan idona aka yi su. Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni Misis Arlene Kivela za ta yi ritaya, kuma ban ga ya kamata ta bar ginin nan da kati da fure kawai ba.

A takarda dai sakatariya ce. Ba ta koyar da kowa, ba ta sa hannu a sakamakon jarrabawa, kuma ba a kiran sunanta ranar yaye ɗalibai. Masu ba da shawara bakwai ta yi wa aiki, kowanne ya zo ya yi 'yan shekarunsa ya koma babban birni. Amma a aljihun teburinta na ƙasa akwai wani ɗan akwatin katako, irin wanda iyayenmu mata ke ajiye katunan girki a ciki. Kowace kwaleji da katinta. A kan katin akwai lambar wayar ofishin tallafin ɗalibai, da sunan wanda ya fi haƙurin amsa waya a can, da amsar tambaya ɗaya da ta shafe rayuwarta tana yi: idan yaronmu ya samu kuɗi daga waje, daga ina za ku rage? Da fensir take rubutawa, don amsar tana canjawa.

Bari in bayyana dalilin tambayar, don har yau akwai iyayen da ba su sani ba. Tun da aka rufe mahaƙar tagulla ba mu da attajiri a garin nan, don haka da karo-karo muke tura yara kwaleji. Matan coci su sayar da burodi, ƙungiyar masunta ta yi soyen kifi, 'yan kwana-kwana na sa-kai su yi fanke kowace Asabar cikin hunturu. A tsakiyar watan Mayu a taru a zauren wasanni, a kira yaro, a miƙa masa cek na kwali mai girman ƙofa, a ɗauki hoto. Ita kuwa kwaleji tun a watan Maris ta gama nata lissafin. Ta duba abin da iyali ke samu, ta ce ga kyautar da zan bayar, ga bashin da yaro zai ci, ga kuma abin da ya rage a wuyan iyaye. Idan wasu kuɗi suka shigo daga waje, wajibi ne ɗalibi ya sanar da ita. Daga nan kowace kwaleji da halinta. Wata ta rage wa yaro bashi, kowa ya ji daɗi. Wata kuwa sai ta janye daga kyautarta daidai abin da ya shigo, ta ce ai buƙatarsa ta ragu. Mu nan muna tufka, can ana warwara, kuma ba wanda ya yi sata, doka ce a rubuce.

Arlene ma ba da saninta ta zo ba. A shekararta ta uku wani yaro ya samu dala dubu ɗaya da ɗari biyar daga matan coci. Ita ta buga adireshin kwalejin a kan ambulan, ita ta kai gidan waya tana murna. Yaron ya dawo hutun Kirsimeti bai koma ba, don kwalejin ta cire daidai wannan adadi daga kyautarta, kuma iyayen sun riga sun dogara da shi. Ba ta taɓa faɗa mini sunansa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da hannuna na liƙe ambulan ɗin." A watan Janairun da ya biyo baya ta kawo akwatin daga ɗakin girkinta.

Labaran abin da ta yi da akwatin suna da yawa. Ɗaya zan bayar, don mafi yawansa na gani da idona, abin da ban gani ba kuma masu shi suka faɗa mini.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce muna da wata yarinya, Renata Salo, mai shiru, mai tsaftar rubutu. Wata kwalejin koyon aikin jinya da ke kudancin jiha ta ɗauke ta, ta kuma ba ta tallafi mai tsoka, amma ta bar dala dubu huɗu a shekara a kan iyali. Mahaifinta Eino direban motar ɗaukar gungumen itace ne, kuma ɗan kwana-kwana na sa-kai. A watan Nuwamba sarƙa ta tsinke masa a wurin lodi, ya ji rauni a baya, tun daga nan yake kwance a gida. Dala dubu huɗu a gidan Salo a wannan shekara, daidai suke da miliyan huɗu. Kuma ranar ɗaya ga Mayu ce ranar ƙarshe da Renata za ta ce wa kwalejin tana zuwa ko ba ta zuwa. Idan ba ta je ba, akwai gurbin mai karɓar kuɗi yana jiranta a gidan man bakin hanya.

'Yan kwana-kwana ba su bar nasu ba. A wannan hunturun sun toya fanke kamar ba gobe, suka tara dala dubu huɗu cif, suka yanke cewa duka na 'yar Eino ne. Shugabansu Walt Dubek, dattijo mai katon ciki da katuwar murya, bai iya riƙe labarin har Mayu ba, ya tare yarinyar a kanti ya faɗa mata. Washegari ta shigo ofishin Arlene tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Ina wurin, na zo buga takardun gwaji.

"Misis Kivela, an gama. Dubu huɗu suke so, dubu huɗu Mista Dubek ya ce za su bayar."

Arlene ta ce, "Madalla, 'yata. Allah ya saka musu. Kawo takardar tallafin in gani."

Ta karanta ta har ƙasa, inda ake sa ƙananan baƙaƙe. Ta jawo aljihun tebur ta zaro kati ɗaya ta duba.

"Je ki aji. Kada ki amsa musu tukuna, kada kuma ki ce wa babanki komai sai na neme ki."

Murnar yarinyar ta ragu. "Akwai matsala ne?"

"Akwai tambaya. In ta zama matsala, ke zan fara gaya wa."

Ƙarfe takwas daidai ta ɗaga waya ta kira ofishin tallafi na kwalejin, don ta ce bayan takwas da rabi sai dai ka yi ta sauraron kiɗa. Maganarta kaɗai nake ji.

"Ina kwana, Misis Pruitt, Arlene ce daga Carver Bay. E, har yanzu ƙanƙara, mu ai sai Yuni. Yaya gwiwar taki? To, Allah ya ƙara sauƙi. Ina da yarinya a wajenku. A ce ta samu dala dubu huɗu daga waje, a ce fa na ce, daga ina za ku cire?" Ta kasa kunne, fensir yana tafiya. "Dubu ɗaya nata, ukun kuma ku janye daga kyautarku. Na ji. To, wannan dubu ɗayan, sau ɗaya ne a zamanta, ko kowace shekara?" Ta rubuta amsar. "Maimaita mini, kunnena ya tsufa. Kowace shekara. Za ki rubuto mini haka a takarda? Yauwa. Saura ɗaya, ki yi haƙuri da ni. Kun yi lissafinku da albashin uban na lokacin da yake tuƙi. Yau mutumin nan ko igiyar takalminsa ba ya iya ɗaurewa. Me kuke buƙata ku sake dubawa?"

Ta rubuta abu uku: wasiƙar likita, takarda daga kamfanin gungume, da sa hannun uba. Kafin ranar ashirin ga Afrilu.

Da ta ajiye wayar ta dube ni ta saman tabarau. "Malamin lissafi, dubu huɗu a cire dubu huɗu nawa ne?"

Na ce babu.

"A garin nan haka ne. A can, dubu uku ne, kuma badi dubu huɗu."

Ta kira Renata da rana ta gaya mata gaskiya duka, ba ta rage ba. Idan kuɗin fanke suka tafi a dunƙule, dubu ɗaya kaɗai za ta amfana da su, sauran su narke. Hanya biyu ce, kuma sai an bi duka biyun. Sai babanta ya yarda ya sa hannu cewa ba shi da aiki, kuma sai 'yan kwana-kwana sun yarda sun raba kuɗin gida huɗu, dubu ɗaya kowace shekara. Renata ta ce da a ba ta waɗannan biyun, gara a ce ta kwashe ruwan tafki da cokali. Ta san ubanta, ta kuma san Walt Dubek.

Da Eino aka fara. Renata ce ta ba ni labarin daga baya. Arlene ta je gidan bayan an tashi makaranta, ta same shi kwance a kujerar falo da matashi a ƙarƙashin gwiwa. Ya saurare ta har ƙarshe yana kallon rufi.

"Misis Kivela, ni ban taɓa roƙo ba. Ubana ya yi shekara talatin a ramin tagulla, bai roƙa ba. Ba zan rubuta wa baƙi cewa na kasa ba."

"Wa ya ce ka roƙa? Mutanen nan sun rubuta cewa kana samun kuɗin da ba ka samu. Kuskure ne a takardarsu. Gyara za ka yi musu."

"Zan tashi. Kafin kaka zan koma mota."

"Allah ya sa. Ranar da ka koma, ni da kaina zan buga musu waya in ce su ƙara maka. Amma ɗaya ga Mayu ba za ta jira bayanka ba."

Ya juya fuska bango. Ta ajiye takardar a kan cikinsa, ta ɗora biro a kai.

"Eino, sa hannu dai na san ka iya. Shekarar da na fara aiki kana ajin ƙarshe. A watan da aka buɗe farautar barewa, sai ga takardar uzuri daga mahaifiyarka, da rubutunka. Sau huɗu. Na taɓa kai ƙararka?"

Renata ta ce sai ta ga cikin babanta yana motsi, biron yana rawa. Dariya yake yi yana cije leɓe don zafin baya.

"Sau biyar ne," in ji shi. "Ɗaya ta wuce ki."

Ya sa hannu. Bai dube ta ba har ta fita.

Na 'yan kwana-kwana ya fi wuya, don su doka gare su a rubuce. A shekarar 1978 sun ba wani yaro kuɗin karatu a hannu, ya je ya sayi babur. Tun daga nan suka sa a kundin ƙungiya cewa kuɗi su tafi kai tsaye ga kwaleji, gaba ɗaya, a shekarar farko, kada su taɓa hannun yaro, kada kuma su kwana a asusu har wani ya yi sha'awarsu. Shekara talatin da biyar ba wanda ya taɓa wannan layi. Sauran ƙungiyoyin gari ma daga gare su suka kwafa.

Arlene ta zo zaurensu ranar Asabar ɗin ƙarshe ta fanke, bayan masu ci sun watse. Ina can wajen girki ina wanke kasko, don nakan taya su. 'Yan kwamiti goma sha ɗaya suna zaune suna cin ragowa. Ta yi musu bayani a tsaye, da jakarta a hannu. Walt ya ajiye cokali.

"Wato mu tashi ƙarfe huɗu na asuba, wata huɗu, hayaƙi ya cika mana ido, don mu ciyar da kwalejin da ke da filin ƙwallo ya fi garin nan girma?"

"In kun bi dokarku, haka ne."

"To, an gama. Mu sa a ambulan mu kai wa Eino, mu yi shiru. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Walt. Ita ma za ta sani. Jaridar gari ma za ta sani, tunda ba ka taɓa barin a raba kyauta ba hotonka a shafin farko ba." Aka yi dariya, ban da shi. "In suka gano ta ɓoye, ba dubu uku za su janye ba, duka za su iya janyewa. Kuma yarinyar da za a damƙa wa maganin marasa lafiya, ba za ta fara da ɓoye gaskiya a takarda ba. Ba da hannuna ba."

"To me kike so?"

"Ku raba huɗu. Dubu ɗaya kowace shekara."

"Doka ta hana."

"Ku kuka rubuta ta."

"Iyayenmu suka rubuta ta, kuma sun fi mu hankali. Shekara huɗu? Wa ya ce miki ina raye nan da shekara huɗu?"

Wani daga ƙarshen tebur ya ce, "Da irin cin nan naka, Shugaba, tambayar tana kan hanya."

Arlene ba ta ƙara gardama ba. Ta zo wajena ta karɓi fanke huɗu masu zafi a faranti, ta koma ta zuba su a kan waɗanda ke gaban Walt.

"Ga kyautar 'yan kwana-kwana," in ji ta. Walt ya ɗaga cokali. Kafin ya soka, ta sa hannu ta zare uku daga na ƙasa, waɗanda dama nasa ne, ta mayar a farantinta. "Ga kwaleji."

Walt ya dubi farantinsa. Ya dube ta.

"Mayar mini da abincina, Arlene."

"Ba zan mayar ba. Doka ce. Baɗi kuma in ka zo da yunwa, a ce maka ai an ba ka huɗu bara."

Sai wani mutum mai furfura a gemu ya gyara murya. Duane Harju ne, mai gyaran injin jiragen ruwa, wanda ya fi shekara ashirin a kwamitin ba a jin bakinsa. Shi ne yaron 1978.

"Shugaba, saboda ni aka yi dokar nan. Na sha gori a kanta shekara talatin da biyar, kuma na cancanta. Amma ba zan zauna a hukunta 'yar Eino a kan babur ɗina ba."

"Babur ɗin ma da bai kai kaka ba ka jefa shi a rami," in ji Walt.

"Shi ya sa nake cewa bai kai a yi masa doka ba."

A nan ne Arlene ta yi abin da na fi ganin hikimarsa. Ba ta ce dokar wauta ce ba. Ta ce iyayensu sun yi gaskiya, kuɗi ba za su taɓa hannun yarinya ba. Kowane watan Agusta ita da kanta za ta karɓo shaidar cewa Renata ta yi rajista, ta kawo wa Walt cek ya sa hannu, ta aika kai tsaye ga kwaleji. In yarinyar ta bar karatu, ragowar ya koma ga wani yaron. Kalma biyu kawai take roƙo a cire, "gaba ɗaya".

Walt ya yi ta juya kofinsa. Can ya faɗi abin da ke cinsa tun farko.

"Matan coci za su ɗaga kwalin dubu biyu da ɗari biyar. Mu kuma mu fito gaban gari da dubu ɗaya?"

"Rubuta dubu huɗu a kwalinka, ai gaskiya ne. A ƙasa ka sa, cikin shekara huɗu."

"Da ƙananan baƙaƙe."

"Yadda ka ga dama. A wajen kwaleji ka koya."

Aka ɗaga hannu, bakwai suka yarda, huɗu suka ƙi. Walt yana cikin huɗun, kuma shi ya ɗauko kundin ya ja layi a kan kalmomin biyu da hannunsa, yana gunaguni. Ya yi wata guda ba ya gaishe ta a coci.

Saura amsar kwaleji. Takardun Eino sun tafi ranar sha takwas ga Afrilu. Kowace safiya Renata takan leƙa ofis, Arlene ta girgiza kai ta ce, "Je ki aji." Ni na ga abin da yarinyar ba ta gani ba, yadda Arlene ke bin wasiƙun safe sau biyu, da yadda gahawarta ke hucewa ba ta sha ba. Ranar ashirin da bakwai amsa ta zo. An rage kason iyali daga dubu huɗu zuwa dubu ɗaya da ɗari bakwai. Da dubu ɗayan fanke, saura ɗari bakwai.

Renata ta karanta, ta lissafa da yatsu, ta ce, "Ɗari bakwai zan iya. Masu ƙyafe kifi suna ɗaukar ma'aikata da bazara."

"Za ki yi ta ƙarnin kifi har Satumba."

"Na yarda."

"To, zauna ki rubuta musu kina zuwa. Ga biro. Rubuta da kyau, za su ajiye."

Ba a nan aikin ya ƙare ba, kuma wannan ne ɓangaren da ba a ɗaukar hotonsa. Shekara huɗu, kowane Agusta, lokacin da makaranta ke rufe kuma ba a biyanta, Arlene takan tuƙa zuwa gidan Walt da cek a jaka. Yakan sa hannu yana cewa, "Har yanzu ban mutu ba, kin gani." Ita kuma ta ce, "Saura biyu, ka daure." Kowane Maris ta tuna wa Renata ta sabunta takardun babanta, don Eino bai koma mota ba. Yau shekara bakwai ke nan Renata Salo tana aikin jinya a asibitin garin nan. Bayan 'yan kwana-kwana, masunta da matan coci duk sun gyara dokokinsu.

Ba kullum take nasara ba, kuma ba za ta so in ce haka ba. Akwai kwalejojin da suka ce mata doka doka ce. A irin wannan takan nemi a jinkirta kuɗin zuwa shekarar da yaro ya fi buƙata, ko a amince a saya masa littattafai da kwamfuta. Wani lokaci babu ko ɗaya, sai ta zaunar da iyaye ta gaya musu tun da wuri, don kada su gina ɗaki a kan kuɗin da ba za su tsaya ba. Na ga iyaye sun fita ofishinta da fushi. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce ta rufe shi ba.

Arlene, ke ce mai tambayar da kowa ya ɗauka ba sai an yi ta ba. Ke ce kika ɗauki kuskure ɗaya na ƙuruciyar aiki, maimakon ki binne shi, kika mai da shi garkuwar 'ya'yan mutane na shekara ashirin da takwas. Ke ce kika tsaya tsakanin masu bayarwa da zuciya ɗaya da masu lissafi da doka, ba ki zagi kowa ba, ba ki kuma yi wa kowa ƙarya ba. Mu malamai mun koya wa yaran nan abin da ya sa aka ɗauke su. Ke kika sa suka iya tafiya.

Ga sauranmu kuma, iyaye da malamai da duk wanda ya taɓa toya fanke ko soya kifi don ɗan wani ya yi karatu, watan Maris mai zuwa takardun tallafi za su iso kamar kullum, kuma Arlene tana gida. Abin da ta yi ba ya buƙatar digiri. Kafin ku rubuta cek, ku nemi sanin kwalejin da yaron zai je, ku buga waya da sassafe, ku tambayi inda kuɗinku za su sauka, ku ce a rubuto muku. Ku faɗi gaskiya, ku kuma nemi a faɗa muku ita. Bayarwa rabin alheri ce, sauran rabin shi ne a raka shi har ya isa.

Ranar Talatar da ta wuce, ina tsaye a ƙofar ajina, na ga Eino Salo ya shigo da sandarsa. Rabonsa da ginin nan tun ranar yaye 'yarsa. Ya daɗe kafin ya kai ƙarshen baranda. Ya ajiye ƙunshin kifi ƙyafaffe a kan teburinta, ya cire hula, ya tsaya yana juya ta a hannu.

"Renata ta ce a gaishe ki."

Arlene ta ce, "Jiya-jiyan nan ta auna mini jini, Eino. Mun gaisa."

Ya dubi taga, ya dubi ƙasa.

"To," in ji shi, "ni ne nake gaishe ki."

Mu ma haka, Arlene. Garin nan duka yana gaishe ki. Mun gode, Allah ya ba da hutu mai daɗi.